Da'ira da Ƙawanya a Bakin Bature

Mu da muka zo nazarin Hausa a jami'ar da ke wani yanki na ƙasar nan inda ba da Hausa ake ciniki a kasuwa ba, zamanmu da Turanci ya sha bamban da na 'yan'uwanmu da ke karatu a Kano ko Zariya ko Sakkwato. Su idan sun fito daga ɗakin lacca sukan tuɓe Turanci kamar yadda ake tuɓe babbar riga a lokacin bazara, su rataye shi sai gobe. Mu kuwa da shi muke sayen abinci, da shi muke cike takardun rajista, da shi muke gai da maƙwabci, har ma da shi muke faɗa da yaron mota a kan canji. Hausarmu takan tsaya ne a ɗan ofishin sashenmu da ɗakunan kwananmu, sai kuwa ranar da muka shiga unguwar Hausawa. Ke nan Turanci ya kewaye mu ta kowace fuska, kuma mutumin da ruwa ya kewaye gidansa, ko ba ya sha'awar kamun kifi, dole ne ya san halin ruwan. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗan tsaya a kan wani rukuni guda na kalmomin wannan harshe, wato waɗanda suka shafi da'ira da zagaye da kuma yi wa abu ƙawanya, mu gaya wa mai karatu abin da muka tsinta a cikinsu.

Farkon haɗuwarmu da waɗannan kalmomi a makarantar sakandare ne. Malamin lissafi ya ɗaure alli da zare, ya dafe ɗaya bakin zaren a jikin allo, ya juya hannu, ya ce mana wannan shi ne "circle", tsawon layin da ya zana kuma "circumference". Malamin Turanci shi ma ya jero mana "circumstance" da "circumspect" da "circumvent" da "circumlocution", muka haddace su domin jarrabawa, wasunmu har da rera su. Babu wanda ya ce mana kalmomin malamin lissafi da na malamin Turanci 'yan ɗaki ɗaya ne. Sai da muka shiga darasin fassara a jami'a, aka tilasta mana buɗe manyan ƙamus, sa'an nan muka fara lura da ɗan bayanin nan da akan maƙala wa kowace kalma game da asalinta, wanda galibin ɗalibai kan tsallake saboda ƙanƙantar rubutunsa. A wannan ɗan lungu ne muka tarar da hotuna, domin kuwa kusan kowace kalma daga cikinsu tana ɗauke da hoton wani abu da wasu mutane suka taɓa gani da idanunsu.

Bari mu fara da uwar gayyar. Kalmar "circle" ta shigo Turanci ne daga Latin ta hanyar Faransanci, kamar dubban 'yan'uwanta da suka kwararo Ingila bayan da Normawa suka ci ƙasar a shekarar 1066. A Latin "circulus" ake cewa, wato ƙaramin "circus", shi kuwa "circus" zobe ne. Romawa sun laƙaba wannan suna ga filin da suke tseren kekunan doki, kuma mafi girmansu, wanda ake kira Circus Maximus a birnin Rum, tsawonsa ya kai kimanin mita 600. Abin dariyar shi ne filin nan ba da'ira ba ne, dogo ne mai lanƙwasa a ƙarshe, dawakai ne kawai ke zagaya shi. Daga baya, a shekarar 1768, wani tsohon sojan doki mai suna Philip Astley ya fara nuna wasan dawaki a cikin wani kewayayyen fili a Landan, daga nan wasan nan na 'yan tsalle-tsalle da dabbobi ya samo tushe, shi ma aka kira shi "circus". Sa'an nan kuma ga mahaɗar tituna a Landan ɗin da ake kira Piccadilly Circus, inda baƙo zai je yana neman giwa da zaki, ya tarar da motoci. Haka dai Bature ke kiran dandalin dambe "ring", wato zobe, alhali kowa ya san kusurwa huɗu gare shi. Mun daɗe muna jin ana yabon Turanci da cewa harshen daidaito ne da ƙididdiga. Tun daga wannan kalma muka fara sassauta wannan yabo.

Inda abin ya fara kama mu sosai shi ne kalmomin da da'irarsu ta ɓuya har ba a ganinta. Ɗauki "search", wato nema, da ƙanwarta "research", wadda ita ce abincinmu na yau da kullum a jami'a. Asalinsu wani fi'ili ne na Latin, "circare", ma'anarsa zagayawa. Ashe mai bincike a wurin mutanen da suka haifi kalmar mutum ne mai zagaye, kamar wadda ta yar da allura a tsakar gida, tana kai gwauro tana kai mari. Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta kundin digiri zai shaida cewa hoton nan gaskiya ne, domin sau nawa mukan koma kan shafin da muka baro makonni uku da suka wuce, muna zaton mun yi nisa. Haka kuma "ambition", wadda muke fassarawa da buri. Tushenta "ambire" ne, zagayawa, kuma zagayen da ake nufi shi ne wanda masu neman muƙami suke yi a titunan Rum suna roƙon a zaɓe su. Wato dai tun shekaru dubu biyu da suka wuce, ɗan siyasa da yawon gida-gida aka san shi, kuma daga sawun ƙafarsa aka samo sunan buri.

Amma wadda ta fi tsaya mana a rai ita ce "circumstance". Kashi biyu ce: "circum", a kewaye, da "stare", tsayawa. Abubuwan da suka tsaya a kewaye da mutum ke nan. Idan Bature ya ce "circumstances" ne suka hana shi zuwa, hoton da ke ƙarƙashin maganarsa shi ne ga shi a tsakiya, ga wasu abubuwa sun yi cirko-cirko sun zagaye shi, ya rasa ta inda zai ɓulle. Bahaushe kuwa yakan ce halin da nake ciki. A wurinsa hali kamar ɗaki ne ko rami, mutum yana cikinsa tsundum. Mun sha yin gardama a tsakaninmu kan wane ne ya fi kusa da gaskiya. Wasunmu na ganin hoton Bature ya fi ba da fata, tun da abin da ya tsaya a gefenka ana iya ture shi ko a bi ta tsakaninsa. Wasu kuma suka ce na Bahaushe ya fi faɗin gaskiya, domin talauci ko rashin lafiya ba tsayawa suke yi a gefe suna kallonka ba, haɗiye ka suke yi. Mu dai mun fi karkata ga na biyun, ko da yake mai yiwuwa saboda a cikinsa aka raine mu.

Sauran 'yan gidan "circum" ba sa buƙatar dogon bayani. "Circumspect" mai waige-waige ne, wato mai taka-tsantsan. "Circumvent" shi ne bi ta bayan fage, irin abin da akan yi wa doka. "Circumlocution" kuwa kewaye-kewaye ne a magana, kuma a nan harsunan biyu sun yi tarayya ƙeƙe-da-ƙeƙe, sai dai Bature aibi yake ɗaukar abin, mu kuwa a gaban suruki ko basarake ladabi ne. Har kaciya ma a cikin gidan take, domin "circumcision" yanka ne a kewaye. Akwai kuma wani reshe da ya fito daga Girkanci, daga kalmar "kyklos", wanda ya haifi "cycle" da "cyclone" da "encyclopedia", wadda asalin ma'anarta ilmin da ya zagaye fannoni. Daga wannan reshe ne Hausa ta tsinko basukur, wato "bicycle", mai ƙafa biyu masu juyawa, kamar yadda ta tsinko randabawul daga "roundabout", ko da yake muna da shataletale tamu, wadda a kunnenmu ta fi kama da juyin da motoci ke yi a wurin.

To, duk waɗannan na nishaɗi ne. Da'ira tana da wata fuska wadda ba ta dariya, wato lokacin da mutane ne a tsakiyarta kuma ba su da ikon fita. A nan ne kalmomin Turanci suka yi yawa, kowace da nata launi, kuma a nan ne aikin mai fassara ke zama amana.

Kalmar da kowa ya fi sani ita ce "surround". Duk wanda ya dube ta zai rantse cewa daga "round" ta fito. Alal haƙiƙa ba haka ba ne. Asalinta Latin ne, "super" da "unda", wato a kan, da igiyar ruwa. Farkon shigarta Turanci ma'anarta ambaliya ce, ruwa ya tumbatsa ya malale ƙasa. Kamar da ta yi da "round" a kunne ita ce ta ja ta sannu a hankali, har a wajen ƙarni na 17 ta koma nufin kewayewa. Wanda ya taɓa ganin yadda ruwa ke cin gari, kamar yadda aka gani a Lakwaja a 2012 da 2022, ko a Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ya san cewa tsohuwar ma'anar da sabuwar ba su yi nisa da juna ba. Ruwan yakan fara datse hanyoyi ne, mutane su wayi gari a kan tudu ko rufin ɗaki, ko'ina suka duba ruwa.

Sai "siege" da fi'ilinta "besiege". Mu da muka taso da labaran yaƙi mun zaci kalma ce ta hargowa da ƙarar makamai. Ashe ma'anarta ta asali a Faransanci mazauni ne, kujera. Rundunar da ta yi wa birni "siege" zama ta zo yi. Ta kafa sansani a bakin ganuwa, ta tare ƙofofi, ta jira yunwa da ƙishirwa su yi mata aikin da takobi ya kasa. Babu kalmar da ta fi wannan bayyana muguntar abin, domin wanda ke waje ba ya gaggawa, yana cin abincinsa yana barci, na ciki ne ke ƙirga kwanon hatsin da ya rage. Daga wannan hoto na zama ne kuma aka samu "obsession". A Latin "obsidere" shi ne zama a gaban abu, wato yi masa ƙawanya, kuma Turawan da can sukan yi amfani da kalmar ga mutumin da suke ganin wani mugun iska ya addabe shi daga waje, saɓanin "possession", inda iskan ya riga ya shiga jiki. Yau idan aka ce wani tunani ya zama wa mutum "obsession", ana nufin ya zauna a ƙofar zuciyarsa ya ƙi tashi. Ɗaliban da suka taɓa faɗawa tarkon so ba sa buƙatar mu yi musu ƙarin bayani.

Abin da ya faru da birnin Leningrad, wanda tun 1991 ya koma sunansa na da, wato St. Petersburg, ya nuna mana cewa zaɓen kalma ba wasa ba ne. Sojojin Jamus da na Finland sun datse hanyoyin birnin daga ranar 8 ga Satumba 1941 har zuwa 27 ga Janairu 1944, kwana 872, kuma ɗaruruwan dubban fararen hula suka mutu, galibinsu saboda yunwa da sanyi. Littattafan Turanci "siege" suke kiran wannan al'amari. Su kuwa Rashawa, waɗanda abin ya faru a kansu, "blokada" suke cewa, wato 'yar'uwar "blockade" ta Turanci. Bambancin shi ne "siege" tana sa ka kalli rundunar da ke zaune a waje, "blockade" kuma tana sa ka kalli hanyar da aka toshe, wadda gari da gawayi da magani ke bi su shigo. Wanda ya kwana da yunwa toshewar ya sani. Mu a ƙasar nan ba sai an kai mu Rasha ba kafin mu fahimci wannan kalma. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an yi wa yankin Biyafara "blockade" ta ruwa da ta ƙasa, kuma hotunan yara masu kumburarren ciki da suka bazu a duniya a 1968 sakamakonta ne. A nan inda muke karatu muna zaune aji ɗaya da jikokin waɗanda suka rayu a cikin wancan zobe, kuma mun lura cewa idan kalmar ta fito a lacca, yadda take sauka a kunnensu daban ne da yadda take sauka a namu.

Akwai kuma "cordon", wadda a Faransanci igiya ce ko zare. Daga igiya ta koma nufin jerin sojoji ko 'yan sanda da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka rufe wuri. A 1821, da cutar shawara ta ɓarke a Barcelona, Faransa ta jera sojoji a kan iyakarta da Sifen, aka kira wannan layi "cordon sanitaire", igiyar kiwon lafiya. Sunan yana da taushi, kamar wani abu da likita zai ɗaura maka a hannu. To amma a watan Agusta na 2014, lokacin annobar Ebola, an ɗaura irin wannan igiya a unguwar West Point ta birnin Monrobiya a Laberiya, aka hana dubban talakawa shiga da fita na kimanin kwana goma, farashin abinci ya tashi, aka yi arangama, har sojoji suka buɗe wuta. A takardun hukuma "cordon" ce. A wurin matar da ɗanta ke kuka a ciki kurkuku ne marar rufi. Mu ma mun ɗanɗani wani abu mai kama da haka a 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe garuruwa. Turanci ya ce "lockdown". Hausa ba ta yi aro ba, ta buɗe akwatinta ta ɗauko kulle, kalmar da ta daɗe tana amfani da ita ga matan aure da ba sa fita. Mun ji mata da yawa suna dariya a lokacin, suna cewa yau maza ma sun san daɗinsa.

Yanzu mai karatu zai ga inda muka dosa. Idan labari ya zo da Turanci, marubucinsa ya riga ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi, kuma a cikin zaɓin ya riga ya ɗauki ɓangare. Idan ya ce 'yan sanda sun yi "cordon off", ya nuna su a matsayin masu tsare lafiyar jama'a. Idan ya ce sun yi "besiege", ya nuna su a matsayin mayaƙa, na ciki kuma abin tausayi. Idan ya ce "surround" kawai, ya wanke hannunsa. Abin da muke yawan ji a fassarar labarai shi ne a kwashe su duka a zuba a kwando ɗaya, a ce an kewaye, ko an yi ƙawanya, a wuce. Wannan a ganinmu ragwanci ne, domin Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fage. Muna da kewaye, wadda ba ta da laifi ko lada, shi ya sa muke cewa birni da kewaye. Muna da zobe, wanda ke nuna an rufe ko'ina babu kafa. Muna da ƙawanya, wadda ƙarfe ce, kuma duk wanda ya ji ta ya ji sanyin ƙarfen. Muna da ritsawa, wadda ke ɗauke da ba-zata, da datsewa da killacewa da tsarewa, da kuma ƙofar rago, wadda mai farauta ne ke faɗinta, ba wanda ake farauta ba. Killace unguwa saboda annoba daban, yi mata ƙawanya daban. Mai fassarar da ya musanya su ya canza wa mai sauraro wanda zai tausaya wa, kuma mai sauraron nan da ke riƙe da rediyonsa a ƙauye ba shi da hanyar komawa ga asalin labarin ya duba.

Sai dai kuma ba kowane kewaye ne azaba ba, kuma Turanci ya san da haka. Kalmar "town", gari, a tsohon Turanci "tun" ce, ma'anarta shinge ko wurin da aka shinge. 'Yar'uwarta a Jamusanci, "Zaun", har yau shinge take nufi, ta harshen mutanen Holan kuma, "tuin", lambu. "Garden" da "yard" su ma daga wani tsohon tushe suka fito mai nufin kewayayyen wuri, kuma daga wannan tushe ne Rashanci ya samu "grad" ɗin da ke ƙarshen sunan Leningrad. Wato sunan birnin da kansa yana cewa wuri ne da aka kewaye domin tsaro, sai ga shi an kewaye shi domin halaka. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan tunani ba, tun da a wurinsa ma ganuwa ce ke raba birni da ƙauye, danga ko darni kuma su ne ke mayar da fili gida. Amma kalmar da ta fi ba mu mamaki ita ce "paradise". Asalinta tsohon harshen mutanen Farisa ne, "pairi-daeza", katangar da aka gina a kewaye, sunan da suke kiran lambunan sarakunansu. Girkawa suka are ta, daga gare su ta bi ta Latin ta isa Turanci. Ta wata hanyar kuma ta isa Larabci a matsayin "firdaus", daga nan ta zo mana. Ashe Firdausin da muke yi wa iyayenmu addu'ar samu, muke kuma raɗa wa 'ya'yanmu mata, da "paradise" ɗin Bature, kalma ɗaya ce da ta rabu a hanya, kowane ɓari ya yi tafiyar dubban mil, suka sake haɗuwa a bakinmu. Ranar da muka gano wannan mun daɗe shiru a ɗakin karatu.

Katanga dai tana da ciki da waje, kuma Turanci yana da kalmomi masu kaifi ga wanda aka bari a waje. "Inner circle" su ne 'yan gaban goshi, waɗanda ake shawara da su bayan an sallami taro. "Pale" a da turke ne na shinge, kuma da wannan suna ake kiran yankin da ke kewaye da birnin Dublin wanda Ingilawa suke iko da shi a ƙasar Ireland a ƙarni na 15. Har yau idan aka ce halin mutum "beyond the pale" ne, ana nufin ya wuce gona da iri, ya fita daga cikin mutanen kirki. Dubi yadda harshen ya ɗauka cewa mutunci a cikin shinge yake, abin da ke bayan shinge kuwa daji ne. Kalmar "zone" ma, wadda a Girkanci ɗamara ce, ta zo ƙasar nan ta zauna daram, har aka yanka mu shiyya shida, kowa ya san ɗamarar da aka ɗaura masa, kuma da ita ake auna rabonsa na muƙami da gurbin karatu.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da ta fi kowace taɓa mu, wato "enclave". Ta fito daga Faransanci, tushenta kuma "clavis" na Latin, mabuɗi. Wuri ne da ke kulle a cikin wani wuri. Masana labarin ƙasa sukan ba da misali da Lesotho, wadda Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko'ina, ko Batikan da San Marino a cikin Italiya. Masana zamantakewa kuma sun ɗauki kalmar sun ɗora wa unguwannin baƙi. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, tana daga cikin waɗanda aka fi yin nazari a kansu, musamman bayan littafin da Abner Cohen ya wallafa a 1969 game da fataken goro da shanu na wurin. Kishiyarta kuma ita ce Sabon Gari ta Kano da ta Zariya, inda aka zaunar da mutanen kudu a zamanin mulkin mallaka. Duk wanda ya karanta irin waɗannan nazarce-nazarce da Turanci zai yi ta cin karo da "enclave" da makamantanta, kuma a matsayin bayanin taswira ba ta yi ƙarya ba.

Amma mu da muke shiga irin waɗannan unguwanni idan kewar gida ta dame mu, ba ƙarar mabuɗi muke ji ba idan mun sa ƙafa. Ƙamshin tsire muke ji, da sallamar da ba sai an fassara ba, da dattijon da zai tambaye ka daga wane gari kake, ya ce ya san kakanka ko da bai san shi ba. A lokacin zaman lafiya unguwar tana kama da "tun" ɗin tsohon Turanci, shingen da mutane suka yi wa kansu domin su ji ɗumi. A lokacin tashin hankali kuwa, kuma ƙasar nan ta ga irin wannan lokaci a kudu da arewa fiye da sau ɗaya, wannan shinge shi ne ke nuna wa masu neman jini inda za su nufa, sai "enclave" ta rikiɗe ta koma "siege" a cikin dare ɗaya. Ɗan Sabo a kudu da ɗan Sabon Gari a arewa duk sun san wannan dare, ko da yake ba kasafai suke zama su gaya wa juna ba.

An taɓa ba mu wani sakin layi mu fassara wanda wannan kalma ta fito a cikinsa, game da unguwar Hausawa a wani birnin kudu. Muka kwashe kusan sa'a guda a kanta. Wani ya kawo keɓaɓɓen wuri, aka ce ya yi kama da asibitin masu cuta mai yaɗuwa. Wata ta kawo tsibiri, aka ce ya yi daɗi a kunne amma ya mayar da maƙwabta ruwa. Aka gwada zango, wanda Hausawan Gana da Togo suke kiran unguwanninsu da shi, sai wani daga cikinmu da aka haifa a irin wannan unguwa, aka kuma haifi mahaifinsa a cikinta, ya ce zango wurin da ayari ke yada kaya ne kafin ya wuce, su kuwa babu inda za su. Malaminmu yana zaune yana saurare, bai ce uffan ba. Da lokaci ya ƙure, yawancinmu muka rubuta unguwar Hausawa kawai, muka miƙa takardunmu, mabuɗin da ke cikin kalmar Turancin kuwa muka bar shi a can.